Ranar Da Na Auna Halin Sahabi

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na yi niyya mutanen gidanmu ba za su bar ni in manta ba, da watannin nan biyu da na yi ina masanin halayyar ɗan Adam. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a Kalgo, gidanmu kuwa yana Gwandu. Tun ina yaro ni mutum ne mai yawan tafiya a zaune. Ina iya tsayawa gaban allo ina zana kogi, in bi kogin nan da ido har in hango kwalekwale a cikinsa da masunci yana jefa taru, sai tarin wani ɗalibi ya dawo da ni aji. A lokacin ban ɗauki wannan aibi ba. Zurfin tunani nake kiransa.

Wadda ta jawo mini, ba da niyya ba, ita ce Malama Rifkatu, mutuniyar Zuru, mai ba ɗalibai shawara a makarantarmu. Ta dawo daga wata bita da takardu cike da jaka, ni kuma na ara don ba ni da darasi a ranar. Kafin a tashi na riga na nutse.

Ma'auni uku na tarar a ciki. Na farko na haruffa huɗu ne, tambayoyi sittin a waya, ka amsa ya jefa ka cikin ɗayan gidaje goma sha shida da ya raba wa mutanen duniya. Yana son ya san ko cikin taro kake samun kuzari ko a kaɗaice, ko abin da ido ya gani kake bi ko abin da zuciya ta hango, ko da ƙwaƙwalwa kake yanke hukunci ko da tausayi, sannan ko kai ke tsara ranarka ko ita ke tsara ka. Na biyu na lambobi tara ne, shi bai damu da yadda kake abu ba, abin da kake tsoro yake tonowa. Wani tsoron kuskure ke tuƙa shi, wani tsoron kada a daina son sa, wani kuwa rigima ce ba ya so ko a mafarki. Na uku na likitocin zamanin da ne, da suka ce ruwa iri huɗu ke yawo a jikin mutum, wanda ya rinjaya shi ke riƙe da linzami: mai jini ya yi ta fara'a da surutu, mai madaciya ya yi zafin rai, mai majina ya yi sanyi, mai baƙar madaciya ya yi ta saƙe-saƙe.

Na huɗu ni na ƙaro da kaina. Akwai wani tsoho a unguwarmu da ya iya hisabi, shi ya nuna mini yadda ake tara lambobin haruffan sunan mutum a raba, abin da ya saura ya nuna ko wuta ne, ko iska, ko ruwa, ko ƙasa. (Da mahaifinmu ya san na zauna koyon wannan da na sha faɗa, don shi duk abin da ya yi kama da duba ba ya ko son jin warinsa.)

Da na mayar da takardun Malama Rifkatu ta ga yadda idona ke ƙyalli, sai ta ce, “Malam, ka bi a hankali. Waɗannan abubuwa madubi ne, mutum kansa yake dubawa a ciki. Kuma shi ma madubin sai ka gaya masa gaskiya.”

Na ce mata na gane. Ban gane komai ba.

Ranar nan na zauna na auna kaina. Waya ta tambaye ni ko ina gama abin da na fara, na danna ƙwarai kuwa, alhali daga inda nake zaune ina hango akurkin kajin da na fara haɗawa shekara uku da suka wuce, katako huɗu a tsaye babu rufi babu ƙofa. Ta tambaye ni ko ina da mantuwa, na danna a'a. Ba wai ƙarya nake ba a ganina. Mutumin da nake shirin zama nake amsa wa, ba wanda ke zaune kan tabarma ba. Sakamako ya fito ya ce ni jagora ne, mai tsari, irin waɗanda ake ba riƙon ƙasa. Na kira Shafa na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe ta ce, “Allah shi sa,” ta koma kan tuwonta.

(Shafa matata ce, kuma 'yar Baffa Sambo ce, ƙanin mahaifina. Wata ranar kasuwar Kalgo na taɓa tayar da babur na kamo hanya ina ba ta labari tun daga bakin kasuwa har ƙofar gida, sai da na tsaya na ce ta sauka na ga babu kowa a bayana. Tana can tsaye da kwandon kayan miya. Labarin ya riga ni isa Gwandu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Daga nan duniya ta canza mini kama, kuma gaskiya na ji daɗin watannin nan. Da yamma sai in hau babur in bi hanyar Wurogauri, in sami gindin bishiya a bakin fadama in zauna. Ruwa ya kwanta a gonakin shinkafa, sararin sama ya kwanta a cikin ruwan, balbelu na saukowa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina raba wa manoma haruffa daga nesa. Wancan mai sunkuyo bai ɗago ba lamba ɗaya ne. Wancan mai waƙa jini ne ya yi masa yawa. Mai shayin bakin tasha wuta ne, shugaban makarantarmu majina ce zalla. Har nakan ga mutane suna tafe a titi kowa da haruffansa huɗu suna lilo a saman kansa. A cikin wannan zaman na rubuta littafi, aka buga shi, aka kira ni gidan rediyo, mai gabatarwa ya ce, “Masu sauraro, yau muna tare da shehin malami.” Duk ban tashi daga gindin bishiyar ba.

Ana cikin haka maganar Luba ta taso. Luba ƙanwata ce, autarmu, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu a hannun Gwaggo Kulu ta girma, yayar mahaifinmu. Ta gama karatun koyarwa, ta ga wanda take so, shi ma ya gan ta. Sunansa Sahabi, mutumin Dodoru, manomin rake da albasa. Manyansa sun aiko cewa suna nan tafe ranar Juma'a ta sama don jin amsar Baba.

Kowa ya san yadda ake bincike a wurinmu. Dattijo ake tashi ya tafi garin yaro, kuma ba wurin yaron yake zuwa ba. Ya yi salla a masallacin unguwarsu, ya zauna da maƙwabta, ya ja hira da wanda ya taɓa ciniki da shi da wanda suka taɓa saɓawa, ya dawo da abin da kunnensa ya tsinto. Baba ya riga ya ce Baffa Sambo ne zai tafi. Ni kuwa na gyara zama na ce wannan duk ji-ta-ji-ta ce, yanzu ilimi ya ci gaba, ana iya auna halin mutum a zama ɗaya a fito da shi a rubuce. A hutar da Baffa, ni zan je.

Baba mutum ne mai girmama karatuna fiye da yadda ya cancanta. Ya dube ni ya ce, “To, tahi. Abin da kaz zo da shi, shi za mu bi.”

Da na fito na tarar da Luba a soro tana jira na. Ba ta iya haɗa ido da ni ba, bakin mayafinta take murzawa.

“Yaya, don Allah ka dube shi da idonka,” in ji ta. “Kada ka dube shi da takarda.”

Na yi dariyar manya na ce ta kwantar da hankalinta, ilimi ba ya zalunci. Har yau in na tuna wannan maganar sai na ji kunnena ya yi zafi.

Asabar da hantsi na isa Dodoru, aka nuna mini hanyar gonar Sahabi. Lokacin mangwaro ne, zafi ya fara, amma da na gangara fadama sai na ji kamar an buɗe mini wata ƙofa. Rake ya yi tsayi ya rufe ni ta kowane gefe, ganyensa na shafar juna da wata ƙara mai sa barci. Can nesa inji na bugawa a hankali, ruwa na bin hanyarsa yana shiga fangalin albasa ɗaya bayan ɗaya. Sahabi ya hango ni ya taho da sauri, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe ni. Dogo ne, baƙi, hannunsa duk kanta. Ya shimfiɗa mini tabarma a inuwar mangwaro, ya feraye rake ya yayyanka ya ajiye a faranti, ya kawo fura a ƙwarya, shi kuma ya koma can gefe ya zauna a ƙasa kansa a sunkuye.

Na sha fura, na tsotsi rake, iska ta kaɗo. Na ce masa kada ya ji komai, 'yan tambayoyi ne kawai, ya faɗi gaskiyar zuciyarsa. Na buɗe waya na karanto ta farko.

“In ka fara aiki, kana gama shi kafin ka kama wani?”

Shiru. Yana zane a ƙasa da ɗan tsinke.

Na ga yaron nan nauyina yake ji, bari in sauƙaƙa masa. Na ce, “Ka ga, ba wani abu ba ne. Mutum yakan fara abu uku a tare, ya bar wannan ya kama wancan, wani ma ya yi shekaru bai koma kansa ba. Ai haka ake yi, ko?”

“Hakanan na, Yaya.”

Na danna. Na karanto ta biyu, ko yana son a yaba masa in ya yi abu. Shiru kuma. Na ce ai ɗan Adam ne, in mutum ya yi abu ba a yaba ba sai ya ji duk jikinsa ya mutu, har ya kwana biyu yana jin haushi, ko ba haka ba?

“Hakanan na, Yaya.”

Haka muka yi ta tafiya, abin gwanin daɗi. Ni in karanta, shi ya yi shiru, ni in kawo misali, shi ya amsa. Misalan kuwa zuwa suke yi mini ba wahala, ban tsaya na tambayi kaina daga ina suke fitowa ba. Sau biyu ko uku ya nemi izini ya tashi, ya je ya toshe bakin wani fangali da ƙasa ya buɗe na gaba, ya dawo ya zauna daidai inda ya tashi. Na rubuta a littafina: ba ya iya zama wuri ɗaya. A tsakiyar wata tambaya ma hankalina ya bi wani malam-buɗe-littafi da ke shawagi a kan ruwa, na bi shi har cikin raken, ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Da na dawo Sahabi na nan yadda na bar shi, yana jira. Sai na tambaye shi ko yakan yi tafiya a zaune, ana yi masa magana hankalinsa na wani gari. Kun san amsar.

Da muka zo kan mantuwa na ce, “Ba ƙaramar mantuwa nake nufi ba. Irin wadda mutum zai bar matarsa a kasuwa ya taho gida. Ai yana faruwa, ko?”

Nan ne kaɗai na ga kafaɗarsa ta ɗan motsa. Ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, “Hakanan na, Yaya.”

Ya ɗaure mini rake da mazarƙwaila a bayan babur, ya raka ni har bakin hanya. Ina tafe ina tausayinsa, don na riga na ga inda sakamakon ya dosa.

Kwana uku na yi a Kalgo ina haɗa rahoto. Haruffa huɗu suka ce mai mafarki ne, mai fara abu da zafi ya sake shi da sanyi. Da na ɗora amsoshinsa kan lambobi tara, suka ce mai gudun wahala ne da neman abin da zai ɗebe masa kewa. Likitocin da suka ce jini ya yi masa yawa, ga daɗin zama amma ba a dogara da shi. Hisabin tsohon nan ne kaɗai ya fita daban, don da na lissafa sunansa ƙasa ya ba ni, wato mai nauyi, mai haƙuri, wanda ba ya gusawa daga inda aka ajiye shi. Na dubi uku na dubi ɗaya, na ce ai da ma hisabi camfi ne, na yage shafin. Na sayi kwali babba na zana da'irori masu launi, kibiyoyi na shiga suna fita.

Laraba bayan la'asar aka zauna a tsakar gidanmu na Gwandu, a inuwar darbejiya. Baba na kan buzunsa, Baffa Sambo na gefensa da carbi, Gwaggo Kulu ta jingina da bango ta miƙe ƙafa tana ɓare gyaɗa. Shafa da Luba suna madafa, wai suna aiki, amma ko motsin ludayi ba ka ji. Na jingina kwalina da turmi na miƙe tsaye kamar a aji.

Na yi bayani mai tsawo. Na gwada musu yadda ma'aunin farko ke kallon ɗabi'a, na biyu ke kallon tsoro, na uku ke kallon jiki, kuma duk da sun fito daga wurare daban-daban sun haɗu a kan mutum ɗaya. Na karanto halayen Sahabi a gurguje. Sannan na rufe littafi na faɗi maganar da na yi kwana uku ina gogewa.

“A taƙaice, yaro ne mai daɗin zama, ba shi da mugunta. Amma ba zai iya riƙe gida ba. Duk uban da ya ɗauki 'yarsa ya ba mai irin wannan hali, ya yi ganganci.”

Na san Baba yana son yaron, na kuma san ba ya saɓa maganarsa. Can ya nisa ya ce, “To. In hakanan na, sai mu ba mutanen Dodoru hanƙuri.”

Daga madafa na ji wani sauti ƙarami, irin na wanda ya toshe baki da mayafi. Luba ce. Ya taɓa mini zuciya, ba zan yi ƙarya ba, amma sai na ce wa kaina likita ma yakan sa a yi kuka.

Gwaggo Kulu ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba. Ta ce, “Dakata tukuna. Kai, sake karanto muna halayen nan, sannu-sannu. Kunnena ya tsuhwa.”

Na ji daɗi an nemi ƙari. Na buɗe littafi na gyara murya.

“Na ɗaya. Yana fara aiki uku bai gama ɗaya ba, wani ma ya shekara uku a yashe.”

Baffa Sambo ya yi ɗan tari.

“Na biyu. In ya yi abu ba a yaba masa ba, sai ya kwana biyu yana fushi.”

Baba ya ɗago kai ya dube ni, wani irin kallo da ban gane ba.

“Na uku. Yana tafiya a zaune, ana yi masa magana hankalinsa na wani gari.”

Carbin Baffa ya tsaya.

“Na huɗu. Mantuwarsa ta kai yana iya barin matarsa a kasuwa ya taho gida.”

Gwaggo ta ajiye gyaɗa. “Wace mata? Sahabi ya taɓa aure?”

Na ce a'a, misali ne.

“Shi yak kawo misalin, ko kai?”

Na ce ni na kawo, shi ya amsa da bakinsa.

“Mi yac ce?”

“Ya ce hakanan na.”

“Tambaya nawa kay yi mai?”

“Sittin.”

“Sau nawa yac ce hakanan na?”

Na ji inuwar darbejiyar nan ta janye daga kaina.

Gwaggo ta ce, “Kai da anka haihwa gidanga, ba ka san mai neman aure ba ya musu da wan yarinya ba? Ba ka san ba ya yabon kainai gaban surukai ba? Da ka ce mai rana daga yamma taka hitowa, hakanan na zai ce ma. Kai kat tambaya, kai kab ba da amsa. To halin wa ka kawo muna?”

Baffa Sambo ya gyara zama. Mutum ne mai magana a hankali, kuma a hankalin ya yanka ni.

“Ni dai mace guda nis sani da anka bari kasuwa,” in ji shi, “kuma ɗiyata ta.” Ya juya wurin Baba. “Yaya, ka ji abin da malami yac ce. Duk uban da yab ba mai wanga hali ɗiya ya yi ganganci. Astagfirullah. Ashe ganganci niy yi.”

Dariyar farko daga madafa ta fito, kuma na san muryar, shekara shida ina aure da ita. Ta Luba ta biyo baya, rabi dariya rabi shessheƙa. Baba ya ja rawaninsa ya rufe baki amma kafaɗunsa sun tona shi. Ni kuwa ina tsaye kusa da turmi, ga kwalina mai launi, ga kibiyoyi duk sun nuno ni. Na dubi jerin halayen nan huɗu na ga akurkin kaji, na ga fushin da na yi da shugaban makaranta da bai yaba taswirar da na zana ba, na ga Shafa da kwandonta. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Gwaggo ba ta gama da ni ba. Ta ce, “Ka ga gonatai?”

Na ce na gani.

“Ƙaƙa take?”

Sai a lokacin na gan ta, ina tsaye a Gwandu. Hanyoyin ruwa a miƙe kamar an ja da zare. Fangali babu ciyawa ko ɗaya. Fartanya da adda a rataye a reshe, kowace da wurinta. Mutumin da na rubuta wa ba ya iya zama wuri ɗaya, ashe lokacin juya ruwa yake kiyayewa, ba agogo a hannunsa, ga kuma baƙo mai surutu a gabansa. Na faɗa musu duka, murya ƙasa-ƙasa.

“To ka gani,” in ji Gwaggo. “Gona tana ta ba ka amsa, kai kana tambayar baki.”

Kunyar dariyar ba ita ta fi yi mini ciwo ba. Abin da ya fi ciwo shi ne na tuna maganar Baba, sai mu ba su haƙuri. Da Gwaggo ba ta ce a sake karantawa ba, da na raba ƙanwata da mutumin da take so saboda laifuffukan da nawa ne. Da zan tafi na tsaya a ƙofar madafa na ce, “Luba, ki yafe mini.” Ta share ido ta ce, “Na yafe, Yaya. Amma ka tsaya Anti Shafa ta hau kafin ka tayar da babur.”

Washegari Baffa Sambo ya tafi Dodoru. Bai je gona ba, bai ga Sahabi ba. Ya yi azahar a masallacin unguwarsu, ya sha hira da maƙwabta, ya zauna da wani da suka taɓa saɓawa kan iyakar gona, ya dawo kafin magariba ya ce wa Baba, “A ba shi.” Ranar Juma'a aka ba shi.

Da na koma makaranta na ba Malama Rifkatu labari, ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta sa ni na sake amsa tambayoyin a gabanta, ta ce duk wadda na yi wa ƙarya za ta kira Shafa a waya. Haruffa huɗun da suka fito su ne dai waɗanda na kai Gwandu da sunan Sahabi, ko ɗaya bai canza ba. Na ce mata to ashe ma'aunin na da gaskiya. Ta ce, “Yana da ita daidai gwargwadon wadda aka zuba masa.” Na ce hisabi fa, da ya ce Sahabi ƙasa ne? Ta ce abu huɗu ne, ko makaho ya jefa dutse wata rana zai dace.

Wata uku bayan biki Sahabi ya kawo Luba Kalgo su gaishe mu, da damin rake a bayan babur. Muna zaune ina ba su labarin littafin da nake shirin rubutawa, sai na ga idonsa ya sauka kan akurkin kaji. Da na shiga ɗaki neman wata takarda da nake son nuna musu (na daɗe, don na ci karo da wata taswira), sai na fara jin bugun guduma. Kafin a kira la'asar akurki ya samu rufi, ya samu ƙofa, har da 'yar sakata.

Na zagaya shi hannuna a baya, na ƙwanƙwasa katako, na ce, “Ai da ma cikin satin nan nake shirin gama shi.”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Hakanan na, Yaya.”

Har yanzu ina da takardun nan, kuma ban ce ba su da amfani ba, don su suka nuna mini kaina, ko da yake ta hanya mai nisa suka bi, sai da muka je Dodoru muka dawo. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni nawa ban tsaya kan takawa ba, ɗaukar sa na yi a babur na kai gidan mutane na rubuta masa sunan wani. Yanzu in ina son sanin halin mutum aikinsa nake dubawa. In kuwa na ji ina ta zuba wani na amsa mini da hakanan na, sai in yi shiru in waiwaya, in tabbatar Shafa na bayana.